Jar Kanwa a Ruwan Ɓerayena

Litinin, 6 ga Mayu, ƙarfe 4:40 na yamma

Sakamakon jini ya fito, kuma shirme ne. Ba ni da wani suna da zan kira shi da shi.

Bari in rubuta komai a jere ko zan huce, don in na buɗe baki a ɗakin nan Munira ce za ta sha, ita kuwa ba ta yi mini laifin komai ba sai haɗa haya da muka yi. Ɓeraye arba'in na ajiye, farare irin na gwaji, rukuni huɗu, goma-goma. Rukuni uku na ɗura musu maganin nan na ƙyasbi da makero da cin ruwa, wanda ake haɗiya, kullum har kwana casa'in: waɗansu kaɗan, waɗansu tsaka-tsaki, waɗansu da yawa. Rukuni na huɗu ko ƙamshinsa ba su ji ba, abinci da ruwa kawai. Su nake kira 'yan ruwa, kuma su ne ma'aunin da za a gwada sauran da shi. Ranar Alhamis muka yanka su duka, muka ɗebi jini, muka cire ƙoda. Tambayata ɗaya ce tak: in aka daɗe ana shan maganin nan, yana ɓata ƙoda ko ba ya ɓatawa?

Yau takarda ta ce masu shan magani ƙodarsu ta taɓu. To, abin da na zata ke nan. Sai kuma ta ce 'yan ruwa su ma tasu ta taɓu, bakwai cikin goma. Dattin da ƙoda ke tacewa ya taru a jininsu kusan yadda ya taru a na 'yan'uwansu. Da me? Da ruwan burtsatsen da ni ma nake sha?

In ma'auni ya lalace, ban auna komai ba. Kuma wannan ne zangona na ƙarshe a digirin nan na biyu. Ranar uku ga Yuni kwamiti zai zauna, wanda bai kawo aiki ba a soke sunansa ya koma inda ya fito.

Talata, 7 ga Mayu, bayan azahar

Na kai wa Dokta Abdulbaƙi, mai duba aikina. Awa biyu na yi a kan bencin ƙofarsa cikin zafin nan na Dutse da duwatsu ke mayar wa mutum a fuska. Da na shiga, ya ɗaga takardar da yatsa biyu ya duba ta saman gilashinsa.

"Malama Hadiyya, kin cakuɗa kwalaben jinin ne."

Na ce ban cakuɗa ba, ranka ya daɗe, kowace da lambarta, da hannuna na manna.

"Kowa haka yake cewa. A sake gwadawa."

Shi ke nan. Mutumin da a cikin kwana casa'in bai taka ɗakin dabbobi ko sau ɗaya ba, wai warin yana tayar masa da mura, shi ne ya san abin da hannuna ya yi. Na ce na gode, na fito. Har rusunawa na yi. Ban san wa ya koya mana gode wa wanda ya zage mu ba.

Laraba, 8 ga Mayu, safe

Ban cakuɗa ba.

Juma'a, 10 ga Mayu, ƙarfe 11:30

An sake gwadawa da sauran jinin da ke firiza, a wata na'ura daban, ina tsaye a kai. Bakwai cikin goma. Su ne dai bakwai ɗin.

Da na fito na haɗu da Baba Bubayero, dattijon da ke kula da ɗakin dabbobi, yana wanke kejin da babu kowa a ciki. Shekara goma sha biyu yana wurin. Dogo ne siriri, mutumin Garki, makiyayi tun yana yaro kafin shanun gidansu su ƙare. Ranar da muka yanka ɓerayen cewa ya yi kansa na ciwo, ya tafi gindin darbejiya ya zauna har muka gama. Yau ya dube ni ya ce, "'Yata, fuskar nan ba taki ba ce. Kin karya kuwa?"

Na ce na karya. Shi kaɗai ne ya tambaye ni wani abu a ginin nan duk makon.

Asabar, 11 ga Mayu, Kafin Hausa, bayan la'asar

Na zo gida. 'Yata Madina ta yi tsayi, ko idona ne. Na zauna ina yi wa Abban Madina bayani tiryan-tiryan, yana ji yana danna waya, da na kai ƙarshe ya ce, "To ai ɓera ne fa. Ki sayi waɗansu."

In sayi waɗansu. Da kwana casa'in ɗin ma a kasuwar Kafin Hausa ake sayar da su?

Ya san dalilin da ya sa na ɗauki aikin nan, amma ya fi son ya manta, kowa ma a dangi ya fi son ya manta. Inna, mahaifiyata, ta yi fama da cin ruwa a ƙafa har ya kama farce, saboda aikin fadama a Aujara. Wata goma sha ɗaya tana haɗiyar ƙwayar nan, daga kemis kawai, babu likita, babu awon jini. Ƙafar ta warke tas. Sai fuska ta fara kumbura. Sai wankin ƙoda a Kano sau biyu a mako, ina riƙe da hannunta jini yana fita ta wannan roba yana dawowa ta waccan, tana ba ni haƙuri wai ta hana ni zuwa aiki. Wata biyar ta yi a haka. Likitoci suka ce mai yiwuwa hawan jini ne, mai yiwuwa wani abu ne, ba za a iya cewa ba. Shekara biyu ina yawo da wannan "mai yiwuwa" a ƙirjina.

Na san ɓera ba Inna ba ce. Ni malamar kimiyya ce, ba sai an gaya mini ba. Amma ina son wani abu mai rai ya ba ni amsa, ko da ɓera ne.

Litinin, 13 ga Mayu, Dutse, ƙarfe 5 na yamma

Yankakkun ƙodar da muka aika Kano sun dawo a kan gilasai. Na duba su ɗaya bayan ɗaya a madubin lab mai ƙara girman abu har idona ya yi ruwa. Na 'yan ruwa su ma sun kumbura, 'yan hanyoyin da ke ciki sun saɓule. Wannan ba kwalba ba ce balle a ce na cakuɗa. Wani abu ya shiga cikinsu.

Na zargi abincin, aka ce buhu ɗaya ne da na kowa. Na zargi burtsatse, ɓerayen Munira shi suke sha, lafiyarsu lau. Na zargi Munira ma, Allah ya yafe mini, tunda ita ke ɗura musu maganin a madadina in na tafi gida. Na tambaye ta a kaikaice, ta gane, ta ci gaba da gugarta.

Talata, 14 ga Mayu, bayan magariba

Munira ta dafa taliya da manja ta ajiye mini, sannan ta gyara zama.

"Hadiyya, ki ji ni da kyau kafin ki tashi. Bara na yi aiki da irin ɓerayen nan, shekarunsu ɗaya, nauyinsu ɗaya. Lambobin nawa 'yan ruwan suna nan a kwamfutata, lafiyayyu. Ki ɗauka ki saka. Wa zai sani?"

Na ce ni zan sani.

"Ke ɗin ai ba a kwamiti kike ba."

Sai na hau ta da faɗa. Na ce da takarda nake nema da tuni na samu, masu rubuta wa mutane aiki sun cika bakin get. Na ce ban bar 'yata wajen kakarta ta wajen uba ba, ban bar ajina ba, don in zo Dutse in yi wa kaina ƙarya da lambobin aro. Na faɗi waɗansu abubuwan ma da ba su da amfanin rubutawa. Ta ɗauke kwanonta ta fita tsakar gida.

Gaskiya na faɗa. Amma taliyar tata ce, kuma na cinye.

Laraba, 15 ga Mayu, ƙarfe 2 na rana

Na gano.

Ba zan iya rubutawa yanzu ba. Anjima.

Laraba dai, bayan la'asar

Na je mayar da kayan da na ara a ɗakin dabbobi. Akwai jarka shuɗiya mai sunana a jiki, wadda ake cika kwalaben ruwan kejina daga ita. Da na karkata ta don in zubar da sauran ruwan, sai ga wani abu ƙasa-ƙasa ya kwanta a gindi, bakin kuma ya yi fari ya bushe. Na dangwala na ɗora a harshe. Babu macen da ta taɓa dama kunu ko ta dafa wake da za ta nemi na'ura ta gaya mata. Kanwa ce.

Baba yana waje yana shanya buhuna. Na fito da jarkar na ce, Baba, mene ne wannan?

Ya leƙa, ya yi murmushi. Murmushi fa. "Kanwarsu ce, 'yata. Ja ce, mai kyau, daga Garki nake kawowa, ba irin ta kasuwar nan ba."

Na ce kanwar su wa.

"Ta yaranki mana. Tun mako na uku na ga sun rage ci, gashinsu ya tashi, suna kwanciya a lungu. Dabba in ta yi haka kanwa take nema, ko nagge ce ko tunkiya. Sai na riƙa jiƙa musu, Litinin da Alhamis. Ba ki ga sun miƙe ba? Ruwa ma har ninki suke sha."

Na ce har da 'yan ruwa?

"A'a, ai ba a ba wata dabba a hana wata tana kallo. Keji da keji, suna ganin juna."

Na ce wa ya sa ka.

Ya dube ni kamar na tambaye shi wa ya sa shi salla. "Ke mana. Ranar da aka kawo su kika ce, Baba, ga amana nan, ka riƙe mini su kamar naka. Nawa kuwa haka nake riƙe su."

Daga nan idona ya rufe. Na yi magana, murya ta tashi, masu shara biyu sun tsaya da tsintsiya a hannu. Ba zan rubuta abin da na ce ba.

Alhamis, 16 ga Mayu, safe

Kanwa. Litinin da Alhamis. Mako goma.

Ranka ya daɗe, ga abin da ya cakuɗa mini kwalabe.

Alhamis dai, ƙarfe 3

Na yini ina karance-karance. Akwai waɗanda suka gwada kanwa a jikin ɓeraye suka ce in ta yi yawa ƙoda na jin jiki. Ban san nawa ya zuba ba, shi ma bai sani ba, da hannu yake aunawa, hannun da ya saba da shanu. Ɓera kuwa bai kai nauyin ƙullin gishiri ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne har masu shan maganin sun sha. Ko da 'yan ruwa sun tsira, da ban san me ya ɓata na sauran ba, ƙwayar ce ko kanwar ko su biyun. Amsar da na zata ina riƙe da ita ranar Litinin waccan ma ba tawa ba ce. Ya ƙwace mini duka, da tausayinsa da murmushinsa. Ai gara mugu. Mugu ka san inda za ka ajiye shi.

Kuma Inna kullum sai ta sha kunun kanwa da safe. Ban san me ya kawo wannan cikin kaina ba. Ba na son sa.

Asabar, 18 ga Mayu, hantsi

Ban je Kafin Hausa ba. Na ce wa Abban Madina aiki ya riƙe ni.

To, bari in rubuta, tunda ya ƙi barina in ci abinci. Ce masa na yi, "Bubayero, ka kashe ni." Haka, sunansa tsirara, babu Baba. Dattijon da ya girmi mahaifina. Sau biyu na faɗa. Na ƙara da cewa nan ba ruga ba ce.

Ya cire hularsa ya duba cikinta ya mayar. Ɗaya daga cikin masu sharar ta yi salati a hankali.

Da Inna na da rai da ta ji, da ba ta yi mini magana ba wata guda.

Amma shi ma ai ya yi laifi. Ya yi.

Litinin, 20 ga Mayu, bayan azahar

Na kai wa Dokta jarkar har ofis na ɗora masa a kan tebur. Wannan karon ya cire gilashin. Sai da ya yi dariya tukun, irin wadda mutum ke yi yana shirya yadda zai ba abokansa labari, sannan ya tuna ina wurin.

Ya ce hanya ɗaya ce. In rubuta wa kwamiti rahoto. In ya tabbata ma'aikaci ne ya ɓata gwajin ba da sanina ba, suna iya ƙara mini zango ɗaya in sake daga farko. In kuwa aka ga sakacina ne, ba shi da bakin magana.

"Ki tuna takardar da kika sa wa hannu," in ji shi. "Ɗalibi shi ke auna abinci, shi ke canza ruwa, kullum. Haka kika yi ai?"

Na ce Baba fa, me zai same shi?

"Ba ma'aikacin dindindin ba ne. Wannan kuma ba matsalarki ba ce. Haka kika yi ai, Malama Hadiyya?"

Wayarsa ta yi ƙara, ya ɗaga, ya yi mini alama da hannu in tafi. Ban taɓa jin daɗin ƙarar waya irin na yau ba.

Talata, 21 ga Mayu, ƙarfe 10 na safe

Kowa haka yake yi. Babu ɗalibin da ke canza ruwa da kansa a ginin nan, ko ɗaya. A je a tambaya. Ina da 'ya a wani gari. Ina da miji. Azumi ya faɗo a tsakiyar gwajin, goman ƙarshe da makon Salla a gida na yi su, ina zan yi su? Makon farko da hannuna na canza, kullum. Daga nan Baba ya ce in bari, bayana zai yi ciwo, na bari.

Kowa haka yake yi.

Laraba, 22 ga Mayu, bayan la'asar

Na yi niyyar in je in ba shi haƙuri a kan sunan kawai, ba a kan komai ba. Tun daga gida nake jera kalmomin a kan acaɓa. Kafin in buɗe baki ya riga ni.

"'Yata, Malama Munira ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ashe ciwon nasu shi ne aikin. Ashe so ake a ga inda zai kai su. Ni ban taɓa jin an ajiye dabba don ta yi ciwo a zuba mata ido ba, shi ya sa. Ki yafe mini. Jahilci ne."

Ni na zo da haƙuri a baki, ga shi ya bar ni da shi ban san inda zan kai shi ba. Sai haushi ya sake taso mini, na ce to me ya sa ka ɓoye?

"Ɓoyewa kuma? Ai ina rubuta miki."

Ya shiga ciki ya ɗauko katunan da ke rataye a jikin kowane keji, ya ɗaure su da roba ya adana. A gaba rubutuna ne, lamba da nauyi da kwanan wata. A gefe, da fensir, 'yan ƙananan baƙaƙen ajami a jere har ƙasa. Na sha ganinsu. Duk ranar da na zo auna nauyi sai na riƙe katin nan a hannuna. Na ɗauka addu'a ce yake yi musu, har na taɓa nuna wa Munira muka yi dariya.

Shekara takwas na yi a Islamiyya. Da na tsaya na haɗa baƙin, minti ɗaya bai cika ba. Litinin, kanwa. Alhamis, kanwa. Litinin, kanwa, na lamba shida ya ƙi sha.

Ya ce in tafi da su, wataƙila za su yi mini amfani wajen manya. Suna cikin jakata.

Juma'a, 24 ga Mayu, safe

Ina jin haushin Dokta da bai taɓa zuwa ba. Ina jin haushin wanda ya ɗauki makiyayi ya ba shi ɗakin gwaji shekara goma sha biyu bai zaunar da shi minti goma ya gaya masa me ake yi a ciki ba. Ina jin haushin mai kemis ɗin da bai taɓa tambaya ta ba, Malama, wa ke shan wannan duk wata? Ya dai ƙulla a leda ya miƙo, ni kuma in ba direban Aujara ya kai mata, ina jin kaina 'yar kirki mai ilimi.

Ban taɓa rubuta wannan ba. Ga shi na rubuta, kuma babu abin da ya ragu.

Asabar, 25 ga Mayu, Kafin Hausa, yamma

Madina ta tambaye ni yaushe zan gama makaranta in dawo gaba ɗaya. Abbanta ya ce, "Ki faɗa musu gaskiya kawai, tsohon ne ya zuba." Na ce ai gaskiyar tana da yawa. Ya ce to ki faɗi wadda aka tambaye ki.

In aka soke ni, babu sake gwaji. Babu wanda zai ba malamar sakandare ɓera arba'in da lab don ta huce zuciyarta. Haka zan tsufa da "mai yiwuwa".

Shi kuma yana da gona a Garki, na taɓa ji ya faɗa. Ina jin ya faɗa.

Litinin, 27 ga Mayu, ƙarfe 12

Na miƙa rahoton. Shafi ɗaya ne. Na rubuta cewa an samu kanwa a jarkar ruwa. Na rubuta cewa mai kula da ɗakin ya amsa da bakinsa shi ya zuba, kuma ban umarce shi ba. Na rubuta cewa tun ranar farko na manna doka a ƙofa, da manyan baƙaƙe, cewa kada a ba dabbobin komai sai abin da aka tsara. Duk gaskiya ne, babu kalmar ƙarya ko ɗaya.

Dokta ya karanta ya ce ya yi kyau, gajere kuma a fili.

Talata, 28 ga Mayu

Katunan suna ƙarƙashin akwatina.

Alhamis, 30 ga Mayu, bayan magariba

Munira ta ga kwafin a kan katifa ta karanta. Sai da ta idar da salla, tana naɗe darduma, sannan ta yi magana.

"Ni dai lambobi na ce ki ara. Lambobi ba su da iyali."

Na ce ta fita harkata. Ta ce ta fita.

Yanzu ta bayan ginin nake zagayawa in shiga lab, ta wajen janareta, duk da hayaƙin.

Litinin, 3 ga Yuni, ƙarfe 1:30

Minti bakwai. Mutum biyar a bayan tebur, biyu suna cin gyaɗa. Da aka zo wajen kanwa suka yi dariya, ɗaya ya ce Allah ya sa bai kai su kiwo ba. Babu wanda ya tambaye ni wa ke canza ruwa. Na shirya amsa, na kwana biyu ina shiryawa, har yanzu ban san wace zan bayar ba da an tambaya.

An ƙara mini zango ɗaya. Sababbin ɓeraye za su zo bayan Babbar Salla.

Na kira Abban Madina ya yi hamdala. Na sayi lemo mai sanyi a bakin get, na riƙe shi har sanyinsa ya gushe.

Alhamis, 6 ga Yuni, bayan la'asar

Ina lab ni kaɗai ina cika takardar neman ɓeraye, sai na ji sallama. Baba ne, da farar riga wankakkiya, ba kayan aiki ba, da ambulan a hannu. Tun ranar katunan ban yarda mun haɗu ba.

"'Yata, daga ofis aka ba ni wannan. Turanci ne. Na ce ba zan kai wa kowa ba sai ke, kada yaran nan su yi mini wasa da hankali. Duba mini."

Ashe ko dokar da na manna a ƙofa bai taɓa sanin me ta ce ba. Na san haka. Tun ranar da nake manna ta na sani, shi ya riƙe mini gam ɗin.

Na buɗe. Layi shida ne. Na riƙa karantawa ina mayar masa da Hausa, yana tsaye ya harɗe hannu a baya. An gode masa da hidimar da ya yi. An samu ya ba dabbobin gwaji abin da ba a umarce shi ba. Layi na uku ya ce wannan bisa rahoton ɗaliba Hadiyya Mu'az ne, wadda ta tabbatar ta ba da umarni a rubuce. Na tsallake wannan layin, ban fassara masa ba. Ba a bukatar aikinsa daga ƙarshen makon nan. Ya miƙa makullai. Sa hannu.

Ya daɗe yana gyaɗa kai.

"To. Allah ya sa haka ne mafi alheri." Sai ya ce, "Sun rubuta wanda ya kai maganar?"

Na ce ba su rubuta ba, Baba.

"Masu sharar nan ne, ina jin. Ba komai, ai sun ji da kunnensu." Ya karɓi takardar ya ninke ta huɗu. "Ke fa? Sun ba ki lokacin?"

Na ce sun ba ni.

Fuskarsa ta saki gaba ɗaya. "Alhamdu lillahi. Wallahi abin da ya hana ni sukuni ke nan, kada in zama sanadin karatunki. Yanzu na ji daɗi." Ya ce in sababbin sun zo in riƙa yi musu magana kafin in sa hannu a keji, ba sa cizon wanda suka san muryarsa. Ya sa mini albarka, doguwa, har da Madina da bai taɓa gani ba. Ina ta cewa amin.

Har ya kai ƙofa ya juyo, yana tura takardar a aljihun gaba.

"Zan kai wa Mahbuba ta ajiye mini cikin takarduna. 'Yata ce, tana koyarwa a firamare can Garki. Ita ma ta iya Turancin nan kamarki, ta sake karanta wa tsohuwar, uwarta, ta ji da kunnenta."

Gobe zai tafi, in an sauko daga masallaci.